Ƙara Biyu Bayan La'asar

A shekarun da nake gadin wani gida mai hawa biyar a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, waya ɗaya ce tak a ginin gaba ɗaya. Tana hawa na biyu, a falon Hajiya mai gidan, kan wani ɗan teburi da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Baƙa ce mai nauyi, irin wadda ake sa yatsa a juya. A lokacin samun layi ba ƙaramin abu ba ne, mutum zai kai takarda ya jira har ya manta ya kai. Hajiya takan ce mijinta, Allah ya jiƙansa, abu biyu ya bar mata, gidan da layin, kuma layin ya fi ba shi wahala.

Ni bawwab ne, wato mai tsaron ƙofa. Bencina yana ƙarƙashin barandarta daidai. In tana son burodi ko tumatir sai ta zuro kwando da igiya ta kira ni, in je in sayo in zuba, ta ja. A Sudan aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya tsaya noma a hanya, tsayawar ke nan. Na zo Alƙahira da Hausa da Larabci a baki, amma a takarda ba na karanta ko ɗaya, in ban da lambar motar haya. Abin da nake da shi kunne ne. Na san takun kowa a matakala, na san ƙofar da ta rufu ba tare da na ɗaga kai ba.

Da kunnen na gane wata al'ada ta Hajiya da 'yarta. 'Yar tana aure a garin Tanta, ba su da waya a gida, sai ta mai kantin da ke ƙasan gidansu. Kullum bayan la'asar takan sauko ta buga wa uwarta, ta bari ta yi ƙara biyu, ta ajiye. Hajiya ba ta ɗauka. Ƙara biyu na nufin lafiya lau nake. Mutanen Masar suna kiran wannan ranna, kuma kowane gida da irin tasa yarjejeniyar. Daga bencina nakan ji ƙarar biyu, sannan in ji Hajiya ta ce "Alhamdu lillahi", sannan in ji ta kunna rediyo. Da 'yar ta samu ciki, watanni suka ja, sai suka ƙara wata doka: ƙara ɗaya, a ajiye, na nufin naƙuda ta zo, taho yanzu. Hajiya da bakinta ta gaya mini wannan, don in san ranar da zan ɗauki jaka in raka ta tasha. Jakar ma tana bayan ƙofa a ɗaure.

A hawa na ɗaya akwai ɗalibai biyu daga Nijeriya. Ɗaya Bazazzagi ne, muna ce masa Injiniya, ko da yake lokacin bai gama karatun ba. Ɗayan Bakano ne mai karatun fiƙihu, muna ce masa Ustaz. Sun girme wa wasa amma ba su daina ba, daga safe zuwa dare suna tsokanar juna. Ni kuma Yaya suke ce mini, suna dariyar Hausata, wai irin ta kakanninsu ce.

Wata rana Injiniya ya shigo da kwamfuta a kafaɗa da wani ƙaramin akwati mai 'yan fitilu jere a gaba. Ya ce sunan akwatin modem, aikinsa ya sa kwamfuta ta yi magana da wata kwamfutar ta cikin layin waya. Burinsa ya buɗe allon sanarwa a cikin kwamfutar. Ɗalibi a wata unguwa, in yana da irin kayan ko ya samu a wurin aikin wani, zai bugo, kwamfutar ta amsa, ya karanta abin da aka bari ya bar nasa: wane ne zai tafi gida a ba shi wasiƙa, ina ake neman abokin zama, yaushe aka ɗage jarrabawa.

Ustaz ya ce, "Allon katako na ƙofar masallaci fa, me ya yi maka?"

"Shi sai ka je."

"To ƙafa ta ƙare ne a Zariya?"

Abu ɗaya ya rage, layi. Su biyun suka zuba mini ido. Ni ne na hau wurin Hajiya, na zauna a bakin kujera, na sha shayi kofi biyu kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Ta tambaye ni ko abin zai ƙone mata waya. Na ce a'a. Ta tambaya ko yana sauraron maganar mutane. Na ce bai ma iya ba. Sai ta ce, "Ban san yaran nan ba, ɗana. Kai na sani. In na yarda, kai na yarda wa." Sharaɗinta daga magariba zuwa isha kawai, kuma a wannan tsakanin ba za ta ɗauki waya ba. Da hannuna na jona igiyar waya daga barandarta zuwa tagar ɗaliban, na buga mata ƙananan ƙusoshi a bango.

Satin farko modem ɗin ya ƙi mu. Injiniya zai rubuta masa lamba, ya yi wata 'yar waƙa, ti-ta-tu, sai shiru, layi ya koma gunjinsa kamar ba a taɓa shi ba. Ya buɗe littafin modem ɗin, ya rufe, ya sake buɗewa. Ustaz yana kwance da littafinsa a ƙirji yana cewa a kawo masa ruwa ya yi tofi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Da abin ya yi yawa na ce, "Injiniya, ni dai ban san komai ba, amma wayar Hajiya ba ta waƙa. In ta juya lamba, tak-tak-tak take yi. Naka kuma waƙa yake yi."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi littafin, ya bugi goshinsa. Ashe layin tsohon yayi ne, ba ya jin waƙa, sai ƙwanƙwasa. Harafi ɗaya ya canza a cikin umarnin. Modem ɗin ya fara tak-tak-tak kamar tsohuwar agogo, can sai muka ji wata kwamfuta ta amsa da tsuwa mai ratsa haƙori, namu ya mayar mata, suka yi ta ihu wa juna, sannan suka yi tsit. Rubutu ya fara saukowa a gilashin.

"Sun gaisa," in ji Injiniya.

Ustaz ya ce, "In haka ake gaisuwa a garinku, Allah ya tsare ni da zuwa."

Daga ranar aka ba ni kujera. Akwai sauran gyare-gyare da suka ci mana kwanaki. Wani lokaci rubutun ya zo a hargitse don gudun modem da na kwamfutar ba su zo ɗaya ba. Wani lokaci mai bugowa ya gama ya tafi, modem ya riƙe layi ya ƙi saki, sai na hau in ba Hajiya haƙuri. Injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni aikina in saurara in kuma kalli fitilun. Na san wadda ke kamawa in an ɗauki layi, ita ce ta uku daga hagu. Cikin wata guda allon ya samu mutane. Ustaz da kansa, wanda ya fi kowa raina shi, ya samu mai kai masa wasiƙa Kano ta nan, ya ce wannan dacewa ce kawai.

Sai lokacin jarrabawa ya zo. Ɗalibai suka matsa a buɗe allon tun da rana. Injiniya ya kunna kayansa bayan azahar ya tafi makaranta, yana ganin ai Hajiya ba mai yawan waya ba ce. Bai gaya mini ba. Ni kuma ban taɓa gaya masa zancen ranna ba, don a ganina sirrin uwa da 'ya ne.

Bayan la'asar ina kan benci, wayar ta yi ƙara ɗaya. Na jira ta biyu. Ba ta zo ba.

Kafin in miƙe na ji Hajiya a baranda: "Ɗana! Jaka! Yalla, mu tafi!"

Muka tare tasi. A hanya tana addu'a tana ƙirga abin da ta manta. Na sa ta a jirgin ƙasa mai zuwa Tanta, na miƙa mata jakar ta taga, na dawo ina murna, har na gaya wa mai guga na kusa da mu cewa gobe akwai shan zaƙi.

Washegari da hantsi ta dawo. Ba ta amsa sannu da zuwan da na yi mata ba. Daga baya na ji yadda aka yi: ta isa a guje, ta tarar da 'yar a tsaye tana soya albasa. 'Yar ta ce ita ƙara biyu ta yi niyya kamar kullum, amma tun a ta farko wani abu ya ɗauka ya yi mata tsuwa a kunne, har ta jefar da kan wayar, mai kanti ya yi mata faɗa. Surukan Hajiya kuwa sun samu abin dariya na shekara.

Bayan kamar awa ɗaya na ga kwando yana saukowa. Na leƙa ciki ina zaton kuɗin burodi ne. Almakashi ne.

"Kai ka ɗaura," ta ce daga sama, "kai za ka yanke."

Na riƙe almakashin na ɗaga kai. "Hajiya, ma'alish, ki yi haƙuri. Laifina ne. A ba ni zuwa Juma'a."

"In ya sake cinye mini ƙarar 'yata fa?"

"In Juma'a ta yi bai gyaru ba, ba sai kin yi magana ba."

Ta ja kwandonta ba tare da ta ce e ko a'a ba. Ranar Litinin ce. Na sa almakashin a aljihun jallabiyata.

Ba igiyar ce kaɗai ta dame ni ba. Matar nan ta ce ni ta yarda wa, kuma yanzu ba ta da hanyar da za ta bambance kiran 'yarta na gaskiya da ɓarnar akwatinmu. Mafi sauƙi shi ne a koma tsohon lokaci, magariba zuwa isha. Amma naƙuda ba ta san magariba ba. Ko a wane lokaci aka kunna, in 'yar ta bugo, modem zai ɗauka a ƙarar farko, kuma in ta bugo don ta ce lafiya, Hajiya za ta ji taho.

Da Injiniya ya dawo na zaunar da shi na faɗa masa komai. Ustaz ya yi dariya har ya zame daga katifa. "Bazazzagi ya aika tsohuwa Tanta ba tare da ya tashi daga aji ba!" Injiniya bai yi dariya ba, kunya ta kama shi sosai. Na tambaye shi, "Shi wannan abin dole ne ya yi gaggawa? Ba za a koya masa ya jira ba? Ko yaro in an yi sallama ai ba ya faɗawa ƙofa a guje."

Ya ce ana iya gaya masa ƙara nawa zai jira. Muka yi shawara: ɗaya ta haihuwa ce, biyu ta lafiya ce, uku ta yi kusa da biyu, a sa huɗu. Ya rubuta umarnin, modem ya amsa da haruffa biyu da na riga na gane siffarsu, masu nufin ya ji. Ustaz ya sauka kantin kan kwana ya bugo don gwaji. Ƙara ɗaya, biyu, uku, huɗu, fitila ta uku ta kama. Muka yi tafi. Na hau na gaya wa Hajiya khalas, an gama. Ta ce, "Za mu gani."

Talata bayan la'asar, ina kan benci, kunnena a sama. Ƙara ɗaya. Shiru.

Na ji kujera ta faɗi a falon Hajiya. Na ce, "Hajiya, minti ɗaya, don Allah!" Na haura da gudu, na buɗe ɗakin ɗaliban da mabuɗin da suka bar mini. Fitila ta uku tana ci, modem yana ta tsuwarsa shi kaɗai. Na leƙa ta taga na ce, "Shi ne, Hajiya, ba ita ba ce. Ajiye jakar."

Ta leƙo daga sama, gyale a karkace. "Saura kwana uku, ɗana. Almakashin yana nan?"

"Yana nan."

Injiniya ya rasa gane kan abin. Ya sake rubuta huɗu, aka gwada, ya yi daidai. Aka sake bugowa, ya ɗauka a ta farko. Ya ce ƙila modem ɗin ne mai mantuwa, ƙila zafi ne, ƙila wutar gidan ce. Ranar Laraba yana da jarrabawa, dole ya fita. Na ce ya bar mini kayan a kunne, zan zauna da su, in la'asar ta kusa in zare igiyar da hannuna don kada a sake.

Na ɗauko shayina na zauna gaban gilashin tun hantsi. Zama ba ya ba ni wahala, shi ne sana'ata. Mutum na farko ya bugo, ya yi abin da zai yi, ya tafi. Da layin ya yanke sai na ga fitilun sun yi ƙyaf-ƙyaf sau ɗaya, wani ɗan gajeren rubutu ya fito a ƙasan gilashin ya ɓace. Na biyu ya bugo ya tafi, abin ya sake faruwa. Ba wanda ya taɓa madannai, amma wani yana yi wa modem magana. A na uku na shirya da fensir da bayan kwalin shayi. Ban san sunan haruffan ba, zana su na yi kamar yadda ake zana taswira: ɗaya kamar bukka mai sanda a ciki, ɗaya kamar turke mai hula, ɗaya kamar maciji. Ba na samun fiye da biyu kafin ya ɓace, sai in jira wani ya bugo. Mutum bakwai na jira. Na ƙarshen rubutun kam na san shi tun daga lambar mota, ɗaya ne, a tsaye kamar sanda.

Da yamma na miƙa wa Injiniya kwalin. "Duk wanda ya ajiye, ita kwamfutar tana gaya masa wannan. Kai kana ce masa huɗu sau ɗaya, ita tana ce masa ɗaya sau goma."

Ya karanta zanena a hankali, yana juya kwalin. Sai ya ce, "Innalillahi. Manhajar allon ce." Ashe shirin da ke tafiyar da allon yana da nasa umarnin a ajiye, wanda yake aika wa modem bayan kowane kira don ya shirya shi wa na gaba. A cikinsa aka rubuta ɗauka a ƙarar farko. Duk abin da Injiniya ya rubuta da hannu, kira ɗaya ke share shi.

Ustaz ya karɓi kwalin ya duba. "Shekara huɗu kana karatun injiniya, Yaya ya kayar da kai da kwalin shayi. Yaya, gobe kai za ka je masa jarrabawar."

Injiniya ya buɗe wurin da umarnin yake, ya kai alamar kan lambar, ya goge ta. Sannan ya ja kujerarsa gefe. "Yaya, zo ka sa da kanka." Na ce ina tsoron in ɓata. Ya nuna mini maɓallin. Na sa yatsa ɗaya na danna a hankali, kamar mai taɓa jariri, huɗu ta fito. Shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa wanda wani ya karanta ya yi aiki da shi, ko da yake mai karatun akwati ne. Ajin koyon karatu na manya da nake zuwa yanzu ya zo ne bayan shekaru masu yawa, amma haruffan nan uku ban sha wahalarsu ba, tsofaffin sani ne.

Muka aika Ustaz kanti. Sau biyar ya bugo a jere, yana ƙorafin mai kantin ya fara yi masa kallon mahaukaci. Sau biyar modem ya jira huɗu.

Alhamis bayan la'asar ƙara biyu suka zo cif, aka ajiye. Na ji "Alhamdu lillahi", na ji rediyo. Juma'a ma haka. Bayan an sauko daga masallaci na tsaya ƙarƙashin baranda da almakashin a hannu. Ta zuro kwando, na saka, ta ja. Ba ta ce komai game da igiya ba, sai ta ce in sayo mata lemon tsami.

Masu bugowa ne suka fara ƙorafi a allon, wai an cika sa su jira. Injiniya ya rubuta musu cewa mai gida tana da baƙi masu muhimmanci da ke riga su shiga. Na ji tsoron ƙara huɗu-huɗu za ta ishi Hajiya, na tambaye ta. Ta ce tun da mijinta Alhaji ya rasu gidan bai yi motsi haka ba, a bar su. Har ta koyi ƙirgawa tare da mu. In ta kai huɗu nakan ji ta ce, "Na yaran ne."

Bayan kwana goma sha wani abu, da hantsi, ina yayyafa ruwa a ƙofar gida, wayar ta yi ƙara ɗaya. Na tsaya da bokiti a hannu. Ta biyu ba ta zo ba. Hajiya ta fito baranda, ba ta yi ihu ba wannan karon, ta dube ni kawai. Na ajiye bokitin na haura. Kayan suna kunne, modem yana zaune shiru, fitila ta uku a mace. Na leƙa ta taga.

"Hajiya, ba shi ba ne. Ita ce."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Kawo jakar."

Mace aka haifa. Hajiya ta yi sati biyu a Tanta, ta bar mini mabuɗin falonta don in riƙa share ƙurar wayar. Ranar da ta tafi Injiniya ya ce tunda ba ta nan, ko a mayar da shi ƙara ɗaya, mutane su huta da jira. Na ce a'a. Yanzu Hajiya ce a can, kuma ta ce mini kullum bayan la'asar za ta sauka kantin ƙasan gidan 'yarta ta yi mini ƙara biyu.